Daga Zariya Zuwa Karofi Saboda Kyallu

Sababin wannan tafiya gardama ce da ta tashi tsakanin waɗansu malaman makaranta a Dutsin-Ma, waɗanda suka haɗa ƙungiya da ɗalibansu da niyyar farfaɗo da tsofaffin wasannin kwaikwayon Hausa a kan dandali, suka yi ittifaƙi a kan su fara da Jatau Na Kyallu na Malam Shu'aibu Maƙarfi, amma da aka zo rabon matsayi sai kansu ya rabu a kan macen da za ta fito a Kyallu. Shugabansu, wanda aminina ne tun muna ɗalibai, ya nemo wata Hajiya wadda ta daɗe tana wasa a dandali da rediyo da talabijin, jama'a kuwa ba su san ta da kome ba sai fitowa a uwa mai haƙuri ko uwargida mai kawaici, har ya zamana in aka ji muryarta an san nasiha ce ke tafe. Sauran suka ce faufau, wannan baiwar Allah ba ta dace da karuwa ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya aiko mini cewa tun da na shekara da shekaru ina karantar da littafin, in zo in gani da idona, in faɗi abin da na gani.

Na yi asubanci zuwa Kwangila. Hanyar da ta fi kusa ita ce a bi ta Funtuwa a ɓulla Ƙanƙara, amma duk direban da na tuntuɓa sai ya kaɗa kai, ya ce a wannan zamani na 'yan bindiga mai hankali ba ya sayen gajeruwar hanya da ransa, saboda haka na shiga motar Kano. Kuɗin mota kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya zama abin da mutum zai yi shawara da aljihunsa kafin ya yi da iyalinsa. Abin da na biya daga Zariya zuwa Kano a dā yana kai ni ya komo da ni, har in sayo wa yara tsaraba da canji. A Ƙofar Ruwa na sami motar Katsina, aka cusa mu mu huɗu a kujerar mutum uku, kusa da ni wani Bakano ɗan kasuwa, wanda da jin harshena ya gane Bazazzagi ne, bai bar ni na huta da tsiya irin ta taubasai ba har muka wuce Bichi, sa'an nan ya saya mini dafaffen ƙwai a Tsanyawa don kada in kai ƙararsa.

Wanda ya taso a ƙasar Zazzau, inda ido ya saba da masara da rake da jar ƙasa mai danƙo, ba zai rasa lura da yadda ƙasa ke sauya kama ba da zarar an wuce Gidan Mutum Ɗaya an nufi Kankiya da Charanci. Lokacin kaka ne, an yanke gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, wake ya bazu a ƙarƙashinta, ga gawo nan jefi-jefi a tsakiyar gonaki ya fara fid da ganye alhali sauran itatuwa suna shirin zubar da nasu. Aikin mayar da hanyar tagwaye, wanda aka daɗe ana yi, ya sa wani wuri mota ta yi gudu kamar ba za ta tsaya ba, wani wuri kuma a koma hannu ɗaya ana shan ƙura. Shingayen jami'an tsaro ba su da iyaka, ba kuma wanda ya tsare mu fiye da gaisuwa. Muka shiga Katsina ta Ƙofar Ƙaura ana kiran la'asar.

Na sauka wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, wanda ba mu taɓa haɗuwa ba sai ta hanyar aminin nan nawa, amma ya karɓe ni kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Ba banza ake ce wa garin nan ɗakin kara ba. Kafin in ajiye jaka an kawo ruwa, kafin in sha ruwa an kawo fura, ba a kuwa tambaye ni abin da ke tafe da ni ba sai bayan sallar lisha, bayan an ci tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Mu a Zariya muna karɓar baƙo, ba na raina mutanena, amma mukan tambaye shi ranar komawarsa tun bai zauna ba, don mu san yadda za mu tsara. Su kuwa nan tambayar kanta abin kunya ce.

Kafin magariba ya zaga da ni tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, yanzu ta zama gidan adana kayan tarihi. Gini ne na ƙasa, mai kaurin bango da sanyin ciki, kuma mutum ba zai tsaya a cikinsa ba face ya tuna cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam sun zauna a nan suna ɗalibai. Bayan lisha, da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, dattijon ya ce, ai mas'alar da ta kawo ni tsohuwa ce, tun daga irin waɗannan azuzuwa ta faro. Rubutaccen wasan kwaikwayo a makaranta aka haife shi, tun daga wasanni shida da R. M. East ya shirya a shekarun 1930, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, har zuwa Zamanin Nan Namu na shi Shu'aibu Maƙarfi a 1959. Makarantun kuwa na maza ne, saboda haka in wasa ya bukaci mace, sai a samo yaro mai siririyar murya a ɗaura masa zane da kallabi, a yi dariya a watse, ba wanda mutuncinsa ya taɓu. Rediyo ne ya fara shigo da mata na haƙiƙa, domin murya ba ta da fuska. Da talabijin ya zo, fuska ta bayyana, sai jama'a suka fara ɗora wa mace alhakin abin da ta kwaikwaya. Ya kawo misalin marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024: saboda ta ƙware a fitowa a masifaffiyar kishiya da muguwar uwar miji, mutane da yawa suka ɗauka haka halinta yake a gida. Ya ce, "Malam, namiji ya fito a ɓarawo a ce ya iya wasa. Mace ta fito a karuwa a ce dama can. Ka tafi da wannan a zuciyarka."

Da hantsi na kama hanyar Dutsin-Ma, wadda tsawonta daga Katsina bai wuce kilomita 60 da ɗoriya ba. Farkonta duk makarantu ne, har a wuce Ɓatagarawa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, daga nan sai gonaki da ƙauyuka masu rumbunan ƙasa. A Kurfi direba ya tsaya sauke buhuna, na sami sararin miƙe ƙafa. Hakimin wannan gari shi ke riƙe da sarautar Maraɗin Katsina, kuma masu bin tarihin siyasa sun san sunan garin ta wajen Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya yi sakataren hukumar zaɓe lokacin zaɓen 1979 kafin ya hau wannan gadon. Wata Bafulatana ta dama mini fura a ƙwarya, nonon kindirmo ne wanda ba a tsinka da ruwa ba, ta faɗi kuɗi, na sake tambaya don ina tsammanin ban ji daidai ba, gama bai kai rabin abin da nake biya a Tudun Wada ba, inda ake cika mana ƙwarya da ƙanƙara da sukari. Da muka ci gaba sai hira ta koma kan tsaro, amma ƙasa-ƙasa, kowa yana ambaton ƙauyen da aka shiga ba ya ambaton waɗanda suka shiga, ana rufewa da Allah ya kawo sauƙi.

Dutsin-Ma gari ne da duwatsu suka yi wa alama tun daga nesa, mazaunin 'Yanɗakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Ƙaramar hukuma ce tun 1976, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sa'an nan a 2011 aka kafa mata Jami'ar Tarayya, wadda mai masaukina ya ce ta kawo wa garin alheri da tsada a rana ɗaya: masu gidaje sun yanka zaurukansu sun mai da su ɗakunan haya, mai shayi ya koyi soya indomi, kuɗin ɗaki kuwa ya kusa kamo na Samaru. Amma abinci har yanzu da dama-dama. Na shiga kasuwa na tambayi gero, aka faɗa mini kuɗi, na ce kai, ai ya fi na gida tsada. Sai mai awo ya yi dariya ya ɗaga ma'aunin, ashe da tiya suke awo, ba da ƙaramin mudun da muka saba da shi ba, in aka lissafa kuwa nasu ya fi sauƙi nesa. Masara ce kaɗai muka fi su araha. Da dare aka kawo mini farfesun tarwaɗa daga madatsar ruwan Zoɓe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaɗuwa a 1983, kuma ko da yake mutanen garin sun daɗe suna ƙorafin cewa ba a ci moriyar ruwan a noman rani gwargwadon yadda aka yi alkawari ba, masunta dai ba su da abin cewa sai godiya.

A zauren aminina aka yi muhawarar, bayan lisha, ana shan shayi. Wanda ya fi zafi cikin masu inkari wani matashin malami ne mai karantar da adabi, hujjarsa kuwa shekaru: ya ce Kyallu mace ce da attajiri zai watsar da gidansa saboda ita, Hajiya kuwa ta yi jika, wa zai gaskata? Yana da wata ɗaliba a hannu, mai kyau, mai baki, wadda yake ganin an halicce ta don matsayin. Aminina, wanda ya fi ni karance-karancen Turawa, ya amsa masa da labarin Sarah Bernhardt ta Faransa, wadda ta fito a Hamlet a 1899 tana da shekara hamsin da 'yan kai, mace a matsayin saurayi, aka yi ta gardama a kanta a Faris da Landan amma ba a fasa cika gidan wasa ba. Ya ce dandali ba kyamara ba ne, mai kallo yana nesa, abin da ke isa gare shi murya ce da tafiya da tsayuwa. Ni dai ban ga bukatar zuwa Faransa ba, tun da a fadojin ƙasar Hausa an san wasan gauta, inda matan cikin gida ke naɗa rawani su kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban sarkin kansa, ba a taɓa cewa sai mai gemu zai fito a Galadima ba.

Wani dattijo a cikinsu, mai karantar da addini, ya ɗauko ta wata fuska, kuma maganarsa ta fi nauyi. Ya ce shi ba ya musun cewa wasan wa'azi ne, gama duk wanda ya san labarin ya san yadda Malam Jatau, mai wadata da iyali, ya toshe kunnensa daga nasiha ya auro Kyallu, gida ya watse, dukiya ta salwanta. Amma wa'azi yana da ladubba, kuma ba ya cikin hikima a ɗauki macen da mata ke koyi da ita, a sa ta nuna musu kissa da kisisina da gwanintar da za ta sa abin ya yi kyau a ido. In ana son a girmama ta, ga matsayin mahaifiyar Shehu Umar nan, wadda ta ratsa Sahara tana neman ɗanta har ta faɗa bauta, a wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Wannan ita ce rigar da aka ɗinka daidai wuyanta. Aka yi shiru, don kowa ya san ya faɗi abin da rabin garin zai faɗa. Na ce a bar ni in ga gwaji tukuna, domin shaida ba ta inganta da ji kawai alhali ana iya gani.

Ita Hajiya ba a Dutsin-Ma ta sauka ba, tana Karofi gidan yayanta, saboda haka washegari muka hau babura muka tafi, tafiya ce ba mai nisa ba. Muka fara biyawa muka yi gaisuwa wurin masu gari kamar yadda al'ada ta tanada, aka sa mana albarka, muka wuce. Karofi gari ne na manoma, lokacin kuwa kowace ƙofa da tarin dammunan gero, mata suna sussuka, ƙaiƙayi yana tashi, yara sun yi furu-furu. Mai gidan, tsoho ne mai ƙarancin magana, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar dalbejiya, ya sa aka yanka zabi biyu, abin da ya sa na ji nauyi, don na san kuɗin zabo a kasuwar da na baro jiya. Aka kawo dambun gero da zogale, da ɗanwake mai man gyaɗa da yaji, da tulun ruwa mai sanyi. Da na yi yunƙurin ba yaran gidan wani abu, sai tsohon ya ɗaure fuska ya ce, "Malam, mi muka yi maka?" Na mai da hannu aljihu.

Ta fito sanye da hijabi har ƙasa, carbi a hannu, ta durƙusa daga gefe ta gaishe mu, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Hajiya, an ce ke za ki yi mana Kyallu." Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, haka suka ce. Ni kuwa na gaji da kuka. Shekara nawa ana ba ni ɗa ya ɓata in yi kuka, miji ya yi aure in yi haƙuri? Ko sau ɗaya a bar ni in nuna musu yadda ake yi, tun da na ga an yi." Na tambaye ta inda ta gani. Ta ce a gidan da ta fara aure, ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban nema ba.

Bayan la'asar aka yi gwajin a filin wata makarantar firamare, aka jawo benci biyu da tabarma a matsayin ɗaki. Ba a gayyaci kowa ba, amma kafin a fara mata sun cika gindin katanga da goyonsu, yara sun hau tagogi. Aka fara da ɗalibar. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta kuma haddace maganganunta sarai, sai dai ta shigo tana taunar cingam, ɗaurin kallabi ya karkace, hannu a ƙugu, tana yi wa Jatau magana sama-sama tana harare-harare, irin yadda ake nuna matan banza a finafinan yanzu. Yara suka yi ta shewa. Amma ni abin da ya zo mini shi ne, in haka Kyallu take, to Malam Jatau ba ruɗaɗɗe ba ne, mahaukaci ne, kuma labarin mahaukaci ba ya zama izina ga mai hankali, domin kowane magidanci da ke kallo zai ce a ransa, ni ai ba za a yi mini haka ba.

Sa'an nan Hajiya ta ajiye carbi, ta sauya hijabin da mayafi, ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko kwanon sha ta riƙe da hannu biyu, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙa wa saurayin da ke fitowa a Jatau, ba ta saki kwanon ba sai da ya kai bakinsa, kanta a sunkuye, sai da ya gama sha ta ɗago ido ta dube shi sau ɗaya, ta mayar. Ta jawo takalmansa ta jera su, ta kakkaɓe masa gefen riga inda babu ƙura. Da ta zo ambaton matansa na gida, sai ta yabe su, yabo mai taushi, irin wanda in an gama shi mutum yakan ji ya tsani wanda aka yaba bai san dalili ba. Saurayin nan, wanda sa'an ɗan cikinta ne, ya manta abin da zai ce, sai da aka tuna masa. Yaran da ke tagogi suka yi tsit don ba su ga abin dariya ba, matan gindin katanga kuwa suka fara salati, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Wannan ita ce mai kashe gida, waccan ta farko ai ko kaza ba ta kora."

Hukuncina a nan ya tsaya, kuma na faɗa musu shi a gaban kowa. Abin da masu inkari suka ɗauka aibi ne, wato sanin da jama'a suka yi mata da kamala, shi ne babban jarin da ta zo da shi, gama sharrin Kyallu ba ya aiki sai ya sa tufafin kirki, kuma mai kallo ba zai fahimci faɗuwar Jatau ba sai shi ma ya ji zuciyarsa ta karkata ga matar kafin ya farga. Muryar nan da aka saba jin nasiha daga gare ta, in ta fara zuba kaidi, mutum yakan gaskata ta rabin minti, wannan rabin mintin kuwa shi ne dukan darasin da Shu'aibu Maƙarfi ya nufa. Ga malamin addini na ce, tsoronsa yana da asali, sai dai mummunan abu da aka nuna shi da muni tun daga farko ba ya bukatar gargaɗi, wanda ke bukata shi ne mai zuwa da fara'a da ruwan sha. Haka abin yake a Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979: in aka fito da Alhaji Ruwan Ido a siffar dodo, an zalunci Zaliha, an mai da ita wawuya, alhali yarinya ce da aka saye da kyauta da daɗin baki.

Amma ban ba ta duka ba. Da aka zo wurin da ake zaman hira irin ta gidan mata masu zaman kansu, inda harshe ke sakewa, a yi habaici da zambo da shewa, sai na ga Hajiya tana taka birki. Takan kawo magana har bakin leɓe ta haɗiye rabinta, dariyarta ta uwar gida ce mai kallon yara, ba ta wadda ta saba da wurin ba, idonta kuma yana komawa wajen katanga inda matan garin yayanta suke. A nan ɗalibar ta fi ta nesa, don ita ba ta da abin da take karewa. Matashin malamin ya ga ƙofa ya ce, to ai ga shi. Na ce lalle ga shi, amma wannan gyaruwa yake da gwaji a bayan ƙofa, inda ba idon dangi. Abin da yarinyar ta rasa kuwa ba a koyar da shi a wata uku, sai an zauna da kishiya ko an ga uwa ta zauna. Na ba da shawara a ba ɗalibar matsayin ɗaya daga cikin ƙawayen Kyallu, ta riƙa ɗaukar nauyin shewar, ta kuma tsaya kusa ta ga yadda ake riƙe kwanon sha.

Ashe akwai sauran magana, ba ta adabi ba. Da muka koma gida za mu yi sallama, tsohon ya kira aminina gefe, Hajiya tana tsaye, ya ce shi bai hana ba, ƙanwarsa ba yarinya ba ce, amma da sharaɗi biyu: ba za a yi wasan a Karofi ba, kuma duk inda za a yi, kada a bar kowa ya ɗaga waya. Ita ta ƙarasa masa. Ta ce a dā in an yi wasa a dandali, wanda ya ga farko ya ga ƙarshe, ya ga abin da ya sami Jatau, ya tafi gida da labari cikakke. Yanzu kuwa wani zai yanko inda take kashe ido, daƙiƙa talatin, ya watsa a TikTok, jikokinta su gani a makaranta ba tare da sauran wasan ba. Aminina ya ce sharaɗin farko mai sauƙi ne, na biyu kuwa bai san yadda za a tsare zaure cike da ɗalibai a raba su da wayoyinsu ba, amma zai sa a karɓa a ƙofa a ba da lamba, kamar yadda ake yi a ɗakin jarrabawa. Malamin addini, wanda har lokacin bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce in dai za a yi haka, shi zai tsaya a ƙofar da kansa.

Aka cika mini buhu da gero da wake, aka ɗaura a bayan babur duk da roƙon da na yi, Hajiya kuma ta aiko da ƙullin daddawa da kuka a kai wa maiɗakina. Na kwana Dutsin-Ma, da safe na sami motar Kankiya, wadda ta rage mini zagayen Katsina, daga can na tari ta Kano. A Kankiya ɗan kamasho ya ɗaga buhun ya ce kuɗinsa rabin kuɗin mutum ne, muka yi ta ciniki har direba ya gaji ya sa baki, aka daidaita a kan sulusi.